Na Zaɓi Mai Nauyin

Ni Halimatou, shekara ashirin da wani abu ina sayar da albasa a kasuwar Wadata, kuma ban taɓa sayen buhun da ya ruɓe mini a hannu ba. In na ɗauki albasa ɗaya na jinjina ta, na danna wuyanta da farcen babban yatsa, na san ko ta Galmi ce ta ainihi ko an yi mata gauraye. Wannan hannun da nake taƙama da shi, shi ne ya cuce ni. Ku tsaya ku ji, don wallahi na gaji da riƙe maganar a cikina.

'Ya'yana biyu ne a raye. Ramatou ce auta, budurwa ce mai koyon ɗinki, bakinta ba ya hutawa sai in tana salla. Babban namiji ne, shekararsa ashirin da bakwai, kuma ɗan fari ne, don haka kada ku zuba kunne kuna jiran in kira sunansa. Mu mutanen Adar ne, daga Tawa iyayenmu suka zo Yamai. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da ya ci ko bai ci ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. Kakarsa ce ta raine shi a Tawa, sai da ta rasu ya dawo wurinmu yana ɗan shekara goma sha biyu. Ubansa kuma shekara shida ke nan da rasuwa.

In ina son ya ci abinci sai in fuskanci bango in ce, "Tuwo na hucewa, wanda ya ga dama." In shi yake son gaya mini wani abu, sai ya ɗaga murya ya ce wa Ramatou, "Ki gaya wa mutanen gidan nan na fita." Ni ce mutanen gidan nan. Ramatou takan yi ta dariya tana cewa, "Inna, ga ki ga Yaya, taku uku ne tsakaninku, amma sai an biya ta kaina kamar gidan waya." In ce mata ta rufe mini baki, marar kunya. A lokacin ina ganin mu ne masu tarbiyya.

Yaron ya yi karatu, ya iya ordinata, wato kwamfuta, yana aiki a wani proje na Turawa, shi ke gyara musu injinansu. In ya dawo da la'asar sai ya shige ɗakinsa ya kunna tasa ordinatar ya hau wasa. Ba wasan harbe-harbe ba, a'a. Wata ƙatuwar mota yake tuƙawa a cikin gilashin ordinatar, irin mai ɗaukar kaya, yana bin hanyoyin wasu ƙasashe masu ƙanƙara da dogayen itatuwa. Sau ɗaya na taɓa leƙawa ta labule lokacin da ya shiga wanka, na ga motar tsaye a bakin hanya, ruwan sama na zuba a kanta. Na ce oh ni, gardi da gemunsa! Amma ƙarar injin nan da ke ratso bango, guuu, guuu, ita ce ke gaya mini yana gida. Ina tsinkar zogale a tsakar gida ina jin ta, hankalina a kwance. Duk yawon duniyar da zai yi, a kan kujera yake yin sa, taku uku daga inda nake.

Sai ga shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya, aka yanke shi, Turawan projen suka tattara nasu ya nasu suka tafi. A ƙauye kuma ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. 'Yan uwanmu na Adar suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙunshin tsummansa da labarin gonar da ta ƙone a tsaye. A kasuwa mace za ta ɗauki albasa biyu ta juya ta juya, ta mayar da ɗaya. Yaron ya zaga da takardunsa ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ba abin da ya samu. Abin da ya rage masa shi ne motar nan. In kuran ya zo na awa biyu ya hau ta, in ya ɗauke ya jona da wani ɗan batir da pano guda mai jan hasken rana da ya kafa a kan rufi.

Wata rana da hantsi kuran ya dawo da ƙarfin tsiya. Na ji tas daga ɗakinsa, sai warin ƙonannar roba. Ya fito ya tsaya a ƙofa, ya ce wa Ramatou, "Kart grafik ɗina ta ƙone." Ta ce mene ne kuma wannan? Ya ce wani faranti ne a cikin ordinatar, shi ke zana hoton wasan, in babu shi motar ba ta tashi. Ta ce to ya sayi wani mana. Ya yi wata 'yar dariya da ban so ba, ya koma ciki.

Daga ranar gidan ya yi tsit, har wata biyu. Ba na son tuna shirun nan. Yaro ya wuni kwance a kan tabarma yana kallon rufi, salula a kan ƙirjinsa. Abin da ke fitowa daga salular shi ya fi tayar mini da hankali, muryar abokinsa Abdulaye, wanda ya tafi haƙar zinariya can bayan Agadas. Kullum sai ya aiko da saƙo: "Kai dai ka taho, mutumina. Me kake jira a Yamai? Ka samu na mota kawai, sauran ka bar mini." Ni kuwa na san ramukan nan. Ɗan ƙanwata ya tafi can shekara huɗu da suka wuce, rami ya rufta da su su biyar, ko gawarsa ba mu gani ba. Na ji yaron yana amsa wa Abdulaye a hankali, "Ko na mota ba ni da shi." Na ce a raina, Alhamdu lillahi, Allah ya sa kada ka samu.

Uwa ta gari da sai ta shiga ɗakin ta zauna ta ce, ɗana, kada ka tafi, ina tsoro. Ni ban iya ba. Na tsaya a bakin murhu na ce wa tukunya, "Masu zuwa ramin zinariya dai ba su da hankali." Sai na yi shawara da zuciyata: in motar nan ta tashi, zai zauna. Ko ba har abada ba, ya zauna dai har a buɗe iyaka, har aiki ya dawo. A makon ne kwasar adashe ta zo kaina, wanda na yi niyyar saro albasa da shi kafin ta yi tsada. Na ƙulle shi a bakin zane ban gaya wa kowa ba. Ramatou ma ban gaya mata ba, don da ta ji, kafin azahar duk unguwa ta san Halimatou na shagwaɓa ɗan fari. Ina zan sa fuskata?

Bayan layin masu gyaran salula, in ka fito daga Wadata ta gabas, akwai wani ɗan shago na kayan ordinata. Mai shi Isaka ne, Bazabarme, siriri mai tabarau, ba zai wuce sa'ar yaron da shekara biyar ba. Tun daga rumfata nake maimaita sunan abin a bakina don kada ya ɓace mini. Na shiga na ce, "Kart grafik nake so."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi kwandon da ke hannuna. "Fofo, Inna. Ke za ki yi wasan?"

"Ubanka ne zai yi. Akwai ko babu?"

Ya yi dariya ya ba ni kujera. Ya buɗe gilashi ya fito da guda biyu ya ajiye a kan tebur, ya ce su ke nan suka rage masa da kuɗina zai iya kaiwa, tun da aka rufe hanyar Kwatano ko kusa ɗaya ba ta shigo masa ba. Na farkon ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannuna ba, da 'yar fanka guda. Na biyun kuwa, tabarkalla! Tsawonsa ya kai taƙi ɗaya da rabi, baƙi wuluk, fanka uku a jere, ga ƙarfe a bayansa. Ya ce ƙaramin sabo ne. Babban okaziyo ne, an taɓa amfani da shi, wani Bature ne ya sayar da shi da zai tafi. Kuɗinsu kusan ɗaya.

Na ɗauki ƙaramin na jinjina, fayau, kamar ba komai a ciki. Na ɗauki babban, sai da hannuna ya yi ƙasa. Na juya shi na shinshina, na danna wata farar takarda da ke manne a bayansa da farcen babban yatsa, har farcen ya bar shaida.

"Inna, a hankali, ba albasa ba ce!"

"Wannan nake so."

Ya gyara tabarau. "Tsaya tukuna. Wace irin ordinata ce za a sa wa? Babba ce ko irin ta ofis? Akwatin wutarta nawa yake ɗauka?"

Na ce ni ina zan sani.

"To ai nan ne maganar take. Wannan babban ya fi ƙarfi, ban musa ba, amma kuran yake sha kamar firji. Sai da babban akwatin wuta, sai da wayoyi biyu na daban, kuma ba kowace ordinata yake shiga ba. Shi ya sa ya yi arha, wa ke da kuran ɗin ba shi a garin nan yanzu? Ƙaramin kuwa a soka shi kawai ya tashi, ko da batir da pano zai yi aiki. In wasan ba mai nauyi ba ne, ya ishe shi har ya yi saura. Wa za ki saya wa?"

Na kawar da kai na ce, "Wani yaro ne a unguwarmu."

"Wane ne? Duk masu wasan nan na Wadata har Gamkalley na san su, na san injin kowa. Ki faɗa mini sunansa kawai, in gaya miki wanda zai yi masa."

Jama'a, kun ji fa. Suna kawai ya tambaya. Sunan yana nan a kan harshena, na ji ɗuminsa. Amma shekara ashirin da bakwai ban furta shi ba, sai yau a gaban wani ɗan Zabarmawa mai tabarau, ga masu gyaran salula suna jin mu? Ya ce to sunan ubansa fa? Nan ma ya sake taka ni, wace mace ce ke kiran sunan mijinta, balle yana ƙasa? Kunya ta kama ni, ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake yi.

Na ce, "Kai ɗan sanda ne? Ciniki na zo yi ko ƙidayar jama'a? Na san irinku sarai. Kun ga tsohuwa da kwando, za ka liƙa mini wannan ɗan firit ɗin a kuɗin babba, ka ajiye mai kyan ka sayar wa masu kuɗi. Tun kana tsumma nake kasuwa!"

"Wallahi Inna ba haka ba ne. Ki kira shi a salula mana, ni in yi magana da shi."

"Ba ni da lambarsa."

Wannan kam gaskiya na faɗa. Lambar ɗana ba ta cikin salulata, me zan ce masa in na kira?

Isaka ya ɗaga kafaɗa. Ya naɗe babban a cikin wata leda mai ƙyalli, ya ce, "Kala suru, sai haƙuri, Inna. In bai yi ba a dawo da shi." Na ce ba za a dawo da shi ba. Na sa shi a ƙasan kwando na rufe da albasa, na fito ina jin kaina kamar wadda ta ci kasuwa. Har na tsaya na sayi ƙanƙara a hanya don murna.

Da na isa gida yana masallaci. Na ajiye ledar a bakin ƙofarsa kusa da kwanon abincinsa, na rufe da faifai, na koma na hau wanke-wanken da ba ya bukatar wankewa. Ya dawo ya ɗaga faifan. Ban juya ba, amma na ji ƙarar ledar, na ji ta tsaya. Ya daɗe a tsugune. Can ya ce, da wata murya can ƙasa, "Ramatou, ki ce wa mutanen gidan nan an gode. Allah ya saka da alheri." Na ce wa kwanon da ke hannuna, "Wani ne ya ba da ajiya, ni ban san ko mene ne ba." Ramatou ta dube ni ta dube shi, ta kama baki.

Washegari ban ji komai ba sai ƙarar sukurdireba da jan tebur. Ya fita ya dawo, ya sake fita. A rana ta uku, ina tsinkar zogale da la'asar, sai na ji ta: guuu, guuu. Motar ta tashi! Wallahi sai da hawaye ya zubo mini a cikin zogalen. Na ce wa Ramatou hayaƙi ne, alhali ko wuta ban hura ba.

Kwana tara ina jin ƙarar nan. Na koma cin abinci, na koma yi wa mutane tsiya a kasuwa. Rumfata ta yi wayam don ban saro kaya ba, maƙwabciyata tana tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, ta ji da nata. Akwai wata Talata da na dawo gida da wuri saboda zafi. Ba kuran a unguwar tun safe, fankar tsakar gida a tsaye, hadarin ƙura ya rufe rana har panon kan rufi ba ya ja. Amma motar tana ta tafiya a ɗakinsa. Na tsaya na saurara, na ce kai, ka ga kayan ƙwarai, ko ba kuran yana aiki, da na biye wa ɗan tabaran nan da yanzu ina kuka. Haka na yi ta yabon kaina ni kaɗai. Wauta dai ba ta da shekaru.

A rana ta goma, bayan sallar asuba gari ya fara haske, ina shara sai ya fito da 'yar jaka a kafaɗa. Ya tsaya a tsakiyar gida. Ramatou tana bakin famfo. Ya ce, "Ki gaya wa mutanen gidan nan zan je Doso, an ce ana neman mai gyaran ordinata. Kwana biyu zan yi." Bai tafi ba, ya ci gaba da tsayuwa. Ina jin idonsa a bayana. Ya ce, "Ki ce su yafe mini." Ban ɗago ba. Na ce wa tsintsiya, "Allah ya kiyaye hanya." Na ji ƙarar ƙofa. Ko fuskarsa ban kalla ba, da rigar da ya sa za a tambaye ni yau, ba zan iya faɗar launinta ba.

Kwana biyu suka wuce, uku, huɗu. Ramatou ta daina surutu, abin da ban taɓa gani ba. A rana ta biyar na ɗaga labulen ɗakinsa na shiga, rabona da ɗakin tun rasuwar ubansa. Ya share ko'ina, ya naɗe tabarma. Ordinatar tana kan tebur, 'yar ƙarama irin ta ofis, an cire murfin gefenta. Ban san komai a kan injin ba, amma ina da ido. Ramin da ke cikinta ko rabin abin da na saya ba zai ɗauka ba. Kuma babu shi a ciki, babu shi a ɗakin.

Na ƙwala wa Ramatou kira. Ta zo ta tsaya a ƙofa, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Inna, bai taɓa aiki ba. Bai ma shiga ba. Yaya ya gwada ya gwada, ya ce ko ya shiga wutar ba za ta ɗauke shi ba."

"To ƙarar da nake ji fa?"

"A salularsa ce. Ya ce in na gaya miki ba shi ba ni. Ya ce kin kwashe jarinki kin saya masa, ba zai iya bari ki san bai yi ba. Kullum in ya ga kin dawo sai ya kunna ta ya ajiye a jikin bango."

Na zauna a kan kujerarsa. Kwana tara ɗana yana zaune a ɗaki gaban mataccen gilashi, yana kunna mini ƙarar mota don in ji daɗi, ni kuma ina waje ina tsinkar zogale ina yabon hannuna. Na ce, "Doson fa?" Ta girgiza kai. Ta ce Agadas.

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. Haushi ne ya ɗauke ni, kuma ina bukatar wanda zan sauke wa. Na nufi shagon Isaka a ƙafa cikin rana, ina shirya zagin da zan yi masa tun daga kakanninsa. Ina shiga, kafin in buɗe baki, sai na gan shi a cikin gilashi: baƙi, fanka uku. An juya bayansa waje, ga farar takardar, ga shaidar farcena a jiki.

Na nuna shi da yatsa. "Wa ya kawo wannan?"

Isaka ya miƙe. "Inna, ke ce? Ai na yi ta neman ki a raina. Wani abokin cinikina ne ya kawo shi, kwana biyu bayan kin saya. Ya ce kyauta aka yi masa, bai shiga injinsa ba. Na ce masa ai na san wadda ta saya, wata Inna ce mai faɗa. Sai ya yi murmushi."

"Ba ka ce in bai yi ba a dawo da shi a canza ba? Me ya hana ka ba shi ƙaramin?"

"Shi ya zo nema. Amma na sayar da ƙaramin washegarin zuwanki, wani ɗan Gamkalley ya saya. Ba ni da wani, ba kuma inda zan samo. Ya zaga duk garin nan bai samu ba, ya dawo ya ce in ba shi kuɗin." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Abin da ya ba ni haushi, Inna, ƙaramin nan dama shi nake ajiye wa. Tun da nasa ya ƙone yake zuwa nan duk mako, ya ce in fito masa da shi, ya riƙe ya duba ya mayar. Wata biyu ina hana mutane shi. Da na ga ba shi da hali, na ga ke ma kin ƙi shi, sai na sake shi. Ni na haɗa masa injinsa da hannuna, na san abin da yake ɗauka. Shi ya sa na yi ta tambayar ki suna."

Na dafa tebur. Na ce, "Da ka ba shi kuɗin, me ya ce?"

"Ya daɗe yana kallon su a hannunsa. Sai ya tambaye ni ko na san nawa ne motar Agadas yanzu."

Wata biyu ina roƙon Allah kada yaron nan ya samu na mota. Ashe ni ce zan kai masa har bakin ƙofa, in rufe da faifai.

Zagin da na ƙunso duk ya zube. Isaka ya jawo kujera ya ce in zauna, ban zauna ba. Ya dube ni da kyau, ya dubi goshina da hancina, na ga lokacin da ya gane. Ya ce a hankali, "Inna, yaron unguwarkun nan, dogo ne, mai ɗan tabo a gira? Kada dai mu yi ta magana a kan mutum biyu. Wane ne sunansa?"

Yau wata biyar ke nan. An buɗe wasu hanyoyin, kuran ya ɗan daidaita, an ce kaya sun fara shigowa. Saƙo ɗaya ya aiko wa Ramatou daga Agadas, ya ce sun isa lafiya, gobe za su shiga daji, a gaida mutanen gidan nan. Daga shi ba mu sake jin komai ba, lambar Abdulayen ma ba ta shiga. Na sa Ramatou ta sa mini lambarsa a salulata. Kullum in na idar da sallar la'asar sai na danna ta, wata mata ta yi mini Faransanci, in kashe.

Amma ranar, a shagon, na amsa wa Isaka. Na buɗe baki na ce, "Sanusi." Na sake faɗa da ƙarfi. "Sanusi. Ɗana ne. Ɗan farina ne." Har masu gyaran salula na waje suka ɗago kai, wani mai tura baro ya tsaya ya leƙo. Kowa a layin nan ya juyo ya dube ni, ban da mai sunan.